Ranar da Aka Kushe Shayina

Kafin ƙodata ta gaza, abin da aka san ni da shi a layinmu na Gomari shi ne shayi. Ba sayarwa nake yi ba, ni ma'aikacin ofis ne. Amma da na dawo gida aka yi la'asar, sai in shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar gida, in hura gawayi, in ɗora 'yar butata. Ganyen shayi, na'ana'a, kanumfari, ɗan citta. In yi ta juya shi daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, ina ɗaga hannu sama har kumfa ta tashi. Wani ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali, wani kiwon tattabaru, ni kuwa a nan Allah ya ajiye jin daɗina.

Mutum biyu ne ba sa fashi. Ɗaya maƙwabcina ne, malamin firamare daga kudancin Barno, mai jagorantar mawaƙa a cocinsu. Mutum ne mai sanyin hali, ko taka shi ka yi shi zai ba ka haƙuri. Ɗayan kuwa wani Babarbare ne mai sayar da huluna, tun daga Ajilari yake tako tsohon kekensa. To ni Bafulatani ne, kowa kuma ya san wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Shekara da shekaru yana shan shayina, bai taɓa yabawa ba ko da wasa.

"Wannan ai ruwan wankin ƙwarya ne," haka yake cewa. "Ina Bafulatani ina shayi? Ka koma wajen shanunka."

Ni kuma in ce, "Sha ka yi shiru, bawana. Wanda aka ba kyauta ba ya taya ciniki."

Sai ya miƙo kofi a ƙara masa.

Ciwon ya zo a hankali. Ƙafafu suka riƙa kumbura, kasala ta yi mini yawa, abinci ya daina zama. A asibiti likita ta ce ƙodojin biyu sun gaji, sai an riƙa yi mini wankin ƙoda. Aka yi mini aiki a hannun hagu, inda ake sa allurar wankin, aka ce kada in ɗauki abu mai nauyi da shi. Aka hana ni gishiri da wasu abubuwa da dama. Duk na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne ruwa, don da awo aka ce in sha, 'yar gora guda ta kai ni har gobe. Wanda ya san zafin Maiduguri ya san abin da nake nufi.

Da aka sallame ni mutane suka yi ta zuwa dubiya. Babarbaren nan ya zo, ya cire takalmi tun daga nesa, ya zauna a bakin tabarma ya sunkuyar da kai.

"Wushe, Malam," in ji shi, wato sannu da yarensu. "Allah ya sa kaffara ce."

Malam. Tunda muke bai taɓa kirana da haka ba. Wallahi duk bayanin likita bai tsorata ni kamar kalmar nan ba. Na ce a raina, ashe dai tafiya zan yi, tunda har Babarbare ya fara girmama ni.

Da na ɗan sami ƙarfi sai na tambayi likitar batun shayi. Ta yi dariya ta ce dafawa ba ta cikin abin da aka hana ni. Sha ne dai sai ɗan kaɗan, marar ƙarfi, kuma in cire shi daga cikin ruwana na ranar. Ran nan na dawo gida da murna kamar an ce na warke. Na sa aka fito mini da butar, na goge ta da toka. Hannun dama ne mai zuba shayi, shi kuwa lafiyarsa ƙalau.

Abokaina suka dawo, amma da kara. Malamin ya ce bai daɗe da cin abinci ba. Babarbaren ya ce wai yanzu shayi yana hana shi barci, shi da ke iya shanye buta guda ya yi minshari a zaune. Na gane ba sa so su sha a gabana ne, ni ina kallo. Sai da na ɓata rai suka karɓa.

"Madalla, Malam," in ji Babarbaren. "Ya yi daɗi."

Haka muka yi makonni. Hannuna ya sami abin yi, ƙamshin na'ana'a ya dawo ƙofar gida, ranar da ba ni da wanki ina da abin jira. Amma hirar ba ta da gishiri, kamar miyar da ake yi mini. Mu gaisa, su sha, su yaba, su yi mini addu'a, su tashi.

Mai ɗakina ce ta tona asirin. Wata rana za ta wanke butar sai ta kurɓi ragowar da ke ciki. Ta yamutsa fuska.

"Baban yara, wannan kake ba mutane?"

"Me ya same shi?"

"Farkonsa maɗi, ƙarshensa maɗaci. Ko yara ba za su sha ba."

Sai a lokacin na fahimta. Ciwon nan ya sauya mini baki, kome na sa a harshe sai in ji kamar na lashi makulli. In na ɗanɗana shayin na ji salam, sai in ƙara sukari, in ƙara ganye, in bar shi ya yi ta tafasa. Bayin Allah nan kuma suna ta shanyewa suna sa albarka. Kunya ta fara kama ni, daga baya haushi ya biyo.

"Sonka suke yi," in ji ta.

Na ce, "Na sani. Amma irin son da ake yi wa mai bankwana ne, ni kuwa ina nan."

Washegari na shirya musu. Na zuba ganye ninki biyu, na watsa kanumfari cike da hannu, na ƙara citta, na bar shi a wuta har ya yi baƙi ƙirin. Sukari ko ƙwaya ban sa ba. Amma na tayar masa da kumfa mai kyau, irin wadda ido zai gani ya yaudari baki.

Malamin ya kurɓa, idonsa ya kawo ruwa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Allah ya yi albarka, maƙwabci." Babarbaren ya kurɓa ya riƙe a baki, ya ɗaga kai yana kallon ganyen dalbejiya kamar mai neman taimako, sannan ya haɗiye da ƙyar.

Na ce, "Yaya dai, Alhaji?"

"Kalewa," in ji shi, wato lafiya lau da yarensu. "Ya yi."

"To tunda ya yi, kawo kofin."

Na cika masa fal. Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya kai bakinsa, ya fasa. Sai ya dangwarar da shi a kan tire.

"Kai, Bafulatanin banza, ƙodarka ce ta lalace ko hannunka? So kake ka kwantar da mu a gadon kusa da naka?"

Babarbaren ya sa hannu ya rufe bakinsa, malamin kuma ya tsura wa tabarma ido. Ni kuwa dariya ce ta ƙwace mini, na yi ta yi har da hawaye, har mai ɗakina ta leƙo ta ga ko lafiya. Tun ranar da aka kwantar da ni ban ji sanyi a raina irin na lokacin ba.

Na ce, "Sannu da zuwa, bawana. Ina ka shiga tuntuni?"

Malamin ma ya saki jiki, ya ce shi dai duk yammacin da ya sha shayina sai muryarsa ta dushe a coci, ya rasa wanda zai gaya wa.

Tun daga ranar muka raba aiki. Ni ke dafawa, Babarbaren ke ɗanɗanawa, tunda harshena ya daina faɗa mini gaskiya. Ya ce a rage wuta in rage, ya ce sukari ya isa in tsaya, yana yi yana zagin kakannina. Ranar da na dawo daga wanki jiki ba ƙwari, malamin ke fifita gawayi, ni in jingina da bishiya ina ba da umarni. Nawa rabon ɗan kofi ne daga dahuwar ƙarshe, wadda ta fi sauƙi, kuma tun da safe nake rage ruwana saboda shi.

Ciwon yana nan, ban warke ba, har gobe ina zuwa wanki. Akwai ranakun da nake kwance kusa da injin wankin, tsoro ya zo mini. In ya zo, nakan tuna da irin sunan tsiyar da Babarbaren ya kira ni da shi a zamanmu na baya, sai hankalina ya kwanta. Har yau bai sake ce mini Malam ba.