Berthe, wadda ta ƙi sa hannu

Kowace safiya, kafin ta nufi ɗakin gwajin sinadarai a Garwa, Madam Berthe sai ta gangara bakin Binuwai ta ɗebi ruwa a kwalba. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai ruwan famfo ya yi mata laifi. Ita kuwa ta san manomi ba da tataccen ruwa yake haɗa maganin feshi ba.

Aikinta duba magungunan gona kafin a sake su kasuwa. Wata shekara aka kawo wani sinadarin silikon da ake zubawa cikin feshin auduga don ya bi ganye ya kwanta. Masu shi suka ce ba ya ɗaukar cajin lantarki a ruwa balle ya manne wa wani abu, wucewa kawai yake. Berthe ta gwada shi da ruwan kogi da na kududdufi, ta ga yana ɗauka, har yana manne wa kunnen kifi, inda kifin ke numfashi. Ga shi a garin Ngong cikin tafkin da ake kamun kifi mutane ke wanke famfon feshi.

Shugabanta ya ce, "Madam, damina ta zo. Sa hannu kawai, c'est tout, shi ke nan."

Ta ce, "Patron, hannuna ba zai hau wannan ba."

Wani hannun ya hau. Ita kuma aka tura ta sito tana jera kwalabe, mace da ilminta. Kafin a cire auduga, kifi ya yi ta tasowa ciki sama a tafkin Ngong. Oumar masunci ya shaida mini da kwando suka riƙa kwashewa suna binnewa, iyalinsa suka shekara suna cin tuwo gaya. Daga baya aka janye maganin shiru-shiru, manya kuma suka sha tafi a taro wai su suka gano illarsa. Ko sunanta ba a kira ba, kuma daga siton nan ta yi ritaya. Abin yana ci mini rai har yau.

Berthe, ke ce kika yi gaskiya aka ba ki tsintsiya. Mai ido a ruwa, mun gode, ko da godiyar ta makara. Ku da ke riƙe da biro a ofisoshi, ku tuna akwai bakin da zai sha ruwan da kuka sa wa hannu.

Ranar da ta ajiye aiki ba a yanka ko kaza ba. Oumar ne ya hau mota daga Ngong da karfasa guda a leda, kamun safiyar nan. Kafin ta amsa gaisuwarsa ta ɗaga kunnen kifin da yatsa, ta daɗe tana dubawa. Ja wur, tsaf.

Ta ce, "Wannan kam a ba yara su ci."