Maɗacin Gwaggo

Jiya na ga jikata tana susar tsakanin yatsunta, sai gabana ya faɗi, na tuna da Gwaggo, yayar mahaifina.

Shekarar da ruwan madatsar Tiga ya tashe mu, ƙazwa ta bi sabon matsuguninmu gida-gida. Ɗana na fari yana goye a lokacin. Ƙurajensa suka yi ruwa, jikinsa ya yi zafi, har ya ƙi kama nono. Maɗacin da Gwaggo ta saba sassaƙa don magani kuwa ruwa ya shanye shi tare da tsohon garinmu.

Ta ɗauki gatarinta ta nufi wajen garin Ƙofa a ƙafa, neman wani maɗacin. Azahar ta wuce, la'asar ta yi, kukan yaron ya koma nishi, ni kuwa sai leƙen hanya nake.

Ta dawo ƙafafunta a kumbure. Ta dafa sassaƙen har ruwan ya yi ja.

"Gwaggo, ki yi sauri, zai mutu!"

"Dakata, 'yar nan. Ban san bishiyar nan ba."

Ta ɗanɗana, ta shafa a hannunta, ta zauna jira. Haka take, ba ta sa wa ɗan mutum abin da ba ta gwada a jikinta ba. Na ji kamar in fizge tukunyar.

Da ta ga bai yi mata komai ba, sannan ta wanke yaron da ruwan, ta shafe shi da man kaɗanya, ta sa muka tafasa zannuwanmu. Washegari da hantsi ya kama nono, na fashe da kuka.

Allah ya kai haske kabarinki, Gwaggo, ya sa kin huta.