Mu Muka Cinye Wa Muhyiddeen Talla

Ƙanena Muhyiddeen ya shekara goma sha ɗaya yana aikin da mahaifinmu bai taɓa gani da idonsa ba. Ni ce Jumai, yayarsa, ina koyarwa a wata firamare a Rano. Da hannuna dumu-dumu a cikin abin da zan faɗa, don haka ba zan yi wa kowa kwalliya ba, har da ni kaina.

A Rurum Tsohon Gari aka haife mu. Babanmu Malam Shitu manomi ne, masara da dawa da gyaɗa, sai ɗan albasa da rani. Mutum ne da bai cika yarda da abin da ba zai ɗaga ya ji nauyinsa ba. Muhyiddeen kuwa tun yana ƙarami, shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa na manne da rediyo a kunne, shi kwance rediyon yake yi ya ga abin da ke ciki. Ya sha duka a kan haka, ni ma na sa hannu.

Da ya gama difloma a Kano ya dawo ya kama shagon buga takardu kusa da tashar Rano. Ya buga katin biki, ya buga fastar masu neman kansila zaɓe biyu a jere. Wayoyi suka yi yawa, shago ya mutu. Ya koma cike wa mutane fom a intanet, shi ma ya mutu. Ya yi wata takwas yana kula da shafin wani mai sayar da takin zamani, aka sallame shi ko sannu babu. Duk juyin da ya yi sai ya ƙara ramewa, ya ƙara rage magana. Ga matarsa Sa'adiya, ga 'ya'ya biyu, kuma masarar da ake tuƙawa a gidansa daga rumbun Baba take fitowa. Wannan ita ta fi ci masa rai.

Baba ba ya zagi. Amma idan aka tambaye shi a majalisa me yaron nan yake yi, sai ya ce yana nan dai yana fama, ya sako wata maganar. Wallahi gara zagin.

Shekarar da ta biyo bayan kullen korona, wasu matasa biyu a Kano, Adnan da Halima Sadiya, suka haɗa wata manhaja ta waya don masu kemis. Tana nuna wa mai shago maganin da ya kusa ƙarewa da wanda ya kusa lalacewa. Kamfanin nasu ɗaki ɗaya ne da fanka. Suka ɗauki Muhyiddeen gwajin wata biyu, ya yi musu talla a shafin bincike na Gugul. Idan masu kemis talatin suka yi rijista ta hanyarsa, ya samu aiki da albashi. Idan ba su kai ba, kowa ya kama gabansa. Abin da suka iya ware wa tallar a rana naira dubu biyu ne, ba ƙari.

Ya yi min bayanin aikin a tsakar gidansa, ina tsince wake. Idan mai kemis ya rubuta abin da yake nema a waya, tallar ce za ta fara fitowa a sama. Shi aikinsa ya zaɓi kalmomin da za su jawo ta, ya toshe waɗanda ba su da amfani, kamar masu neman aiki a kemis ko masu neman maganin basir. Layi uku ne tallar, amma sai ya wuni yana cire kalma yana mayarwa. Har gobe yana rantsuwa ya faɗa min cewa gani kyauta ne, dannawa ce ake biya, kowace ɗaya kusan naira ɗari. Ni dai ban ji ba. Wataƙila hankalina na kan waken.

Mako biyun farko mutum bakwai suka yi rijista. Sa'adiya ta ce min ya fara cinye tuwonsa.

Wata Juma'a muka je Rurum gaishe da Baba. Bayan an sauko daga masallaci muna zaune a zaure, na ɗauki wayar da na saya masa don sauraron wa'azi, na rubuta kalmomin da ke jawo tallar. Sai ga talla ta fito. Na karanta masa da ƙarfi. Baba ajami yake karantawa, ba boko ba, amma ya karɓi wayar ya nesanta ta da idonsa ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko yaron nan ne ya rubuta, na ce shi ne. Ya tambaya ko mutanen Kano ma suna gani, na ce har na Zariya. Sai ya sa babban yatsansa ya danna, hoton kantar magani ya buɗe. Ya yi dariya har da buga cinya. Na ga Muhyiddeen ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli fuskar Baba, ya rufe.

To mu a wajenmu kowa ya san kara. Idan naka ya buɗe shago, ko ashana ce sai ka je ka saya. Idan ya yi taro, ko ba ka da lafiya sai ka leƙa. Ni da rawar kaina, ban tambayi kowa ba, na sa saƙo a zauren matan danginmu na waya, na ce a yi wa ƙanena kara, a rubuta kaza, a danna ta saman. Da aka yi sunan jaririyar 'yar'uwarmu Hadiza a ƙauyen Fammar, ni na riƙa bin mata ɗaya bayan ɗaya ina karɓar waya ina nuna musu. Baba kuwa ya gane wayar tana riƙe abin da aka rubuta, taɓawa biyu kawai zai yi. Kullum da ya dawo daga masallaci da safe sai ya danna ya yi addu'a. Ya nuna a majalisa, ya nuna a kasuwa, ya nuna wa makiyayan da ke kwana a gonarsa bayan girbi. Ɗanmalam mai cajin waya a bakin masallaci, dattijo da shi, duk wayar da aka kawo masa sai ya danna kafin ya mayar wa mai ita, wai ladan zumunci.

Mutum ashirin da 'yan kai sun isa su cinye kuɗin yini. Mu kuwa mun fi ɗari. Kafin hantsi talla ta ƙare, ta ɓace sai gobe. Lokacin da mai kemis a Kano zai buɗe shago ya zauna ya ɗauki waya, mun riga mun lashe komai, mu da ko ƙwayar fanadol ba ma sayarwa. Mako uku cur ba wanda ya yi rijista.

Kuma Muhyiddeen ya sani. Tun kwana na biyu ya sani, domin kwamfutar tana nuna masa daga yankin da ake dannawa da lokacin da ake yi. Ya zauna yana kallo kullum, yana shiru, yana komawa gidan jiya wajen rama.

Sai da Adnan ya kira shi. Yaron yana da ladabi, bai ɗaga murya ba, ya ce kuɗin da suke zubawa na aljihunsu ne, kuma saura mako uku, idan abin bai juya ba ba za su iya ci gaba ba. Ranar Muhyiddeen ya zo makarantarmu lokacin hutun tara, ya same ni a gindin darbejiya ya faɗa min komai. Kai, raina ya ɓaci. Na manta a gaban ɗalibai nake, na wanke shi tas. Na ce wane irin mutum ne kai, ana yanka ka kana riƙe wa mutane wuƙa? Baki gare ka ko ba ka da shi? Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Yaya, kin ga fuskarsa ranar nan? Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganinta haka a kaina ba."

Kunya ta kama ni, domin ni na kunna wutar.

A ranar na sake sa saƙo a zaure na ce don Allah a daina. Ina! Saƙon farko ya riga ya wuce Kibiya. Waɗanda suka ga na biyun kuma suka ce kunya ce irin ta Muhyiddeen, ba ya son a wahala dominsa, suka ƙara ƙaimi. Wata gwaggonmu har kirana ta yi ta ce kar in damu, ba gajiya suke yi ba. Baba kuwa, daga ni har Muhyiddeen ba wanda ya iya tunkararsa.

Akwai mafita, kuma ya san ta tun farko. A cikin tsarin tallar akwai taswira, mutum yana zana da'ira ya ce waɗanda ke ciki kaɗai za su gani. Da farko jihar gaba ɗaya ya saka har da Zariya, don Rano da Kibiya ma akwai masu kemis. Na tsaya a kansa ranar Asabar da hantsi, na ce ko ka zana ko in fasa kwamfutar nan. Ya kewaye birnin Kano, ya kewaye Zariya, ya bar mu a waje. Aikin minti biyu ne. Da ya gama sai ya rufe kwamfutar ya fita.

Washegari talla ta kai har la'asar. Ranar Litinin mutum biyu suka yi rijista.

Ranar Laraba da azahar ina gidan Muhyiddeen sai ga mai mashin ya sauke Baba. Bai taɓa zuwa ba tare da ya aiko tukuna ba. Ya zauna a tabarma, ya ƙi shan ruwan da Sa'adiya ta kawo sai da ya yi magana. Ya ce kwana huɗu yana dubawa bai ga komai ba, ya sa an duba a wayoyi biyar, babu. Ya ce ya gane, ba sai an ɓoye masa ba. Kora ba a kansa farau ba, kuma ba laifin yaron ba ne, domin shi shaida ne an yi aiki, gari guda ya gani. Ya ce kar ya sa damuwa, masara tana nan. Bai taɓa lallashinsa a kan rasa aiki ba sai ranar, kuma da alama tun daga Rurum yake shirya kalmomin.

Na yi ta yi wa Muhyiddeen ido ya yi shiru ya bar shi a haka. Ya ƙi kallona.

"Baba, ba a kore ni ba. Ni na rufe ta a nan yankin."

Ya yi masa bayani a hankali, kansa a ƙasa. Duk dannawa kuɗi ne ke fita daga hannun masu kamfanin, kuma idan ba mai kemis ne ya danna ba, asara ce. Baba ya saurara har ƙarshe. Bai tambayi ko nawa ba ne.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun farko."

"Ka bar ni mako uku ina cutar ka, ina yi maka addu'a a kai?"

Baba ya sha ruwan, ya yi wa Sa'adiya godiya, ya ce a nemo masa mashin.

Abin da ya yi bayan nan ba wanda ya sa shi, kuma ba a ma buƙatarsa tunda an riga an rufe. Kwana biyu yana bin mutanen da ya nuna wa, ɗaya bayan ɗaya, daga majalisa har rugar makiyaya. Yana ce musu abin nan da na sa ku, kuskure na yi, ɓarna muke yi wa yaron. Dattijo mai shekara saba'in, wanda ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ko a kan ranar shuka ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka tambaye shi to wai me yaron yake yi ke nan. Aka ce min sallama kawai ya yi musu ya wuce.

Wata biyu suka cika da mutum ashirin da shida. Ba su kai talatin ba, amma Halima Sadiya ta ce sun ga inda abin ya dosa, suka riƙe shi da albashin da bai kai wanda aka yi alkawari ba. Yana nan yana yi har yanzu. Kullum yana gaban kwamfuta yana cire kalma yana mayarwa, idonsa ya yi ja, kuɗin tallar ya ƙaru kaɗan. Ya daina karɓar masara daga Rurum. Na zaci ranar da hakan ta faru za mu yi murna, amma duk mun gaji.

Bayan an tabbatar masa da aikin na je na kai wa Baba labari. Ya yi hamdala, ya sa albarka. Ni ce 'yar fari, ba ya kiran sunana, sai da na miƙe zan tafi ya ce, ke. Ya ciro wayar daga aljihu yana juya ta a hannu.

"Yanzu idan ina so in ga aikin nasa, ba zan taɓa ba, gani kawai, ina zan duba?"

Na ce sai dai idan ya shiga Kano, a nan ba za ta fito ba.

"To," ya ce. "Kowa ya gani ban da mu ke nan."

Ya mayar da wayar aljihu, ya ce in gaishe da yaran.