Albarkar da Abokina Ya Riƙa Karɓar Mini

Shekarun baya, bayan na bar lakwal, makarantar boko, ba tare da takardar komai ba, ni da abokina muka kafa rumfar gyaran moto, wato babur, a Tanout, bakin hanyar da ta wuce Agadas. Ni ke buɗe inji, shi yana faci da cika baki. Mutum ne kakkaura, mai son barci da fura, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi daɗin zama ba. Ni kuwa lokacin siriri ne kamar karan gero, ga saurin fushi.

Aiki ya karɓe mu. Makiyaya sun soma hawan moto suna neman labarin ciyawa da rijiyoyi, kuma rairayin Damargu ba ya barin inji ya huta. Kafin shekara ta zagayo na daina miƙa hannu a gida. Da rumbunmu ya yi ƙasa cikin bazara, na kawo buhun hatsi. Na sake wa mahaifiyata azarar ɗakinta, aka yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Abu ɗaya nake jira, ta dube ni ta ce na yi ƙoƙari. A ganina duk saurayin da ya ɗauke wa gida nauyin kansa ya ci a yaba masa, kuma ni na ma wuce nan.

To ni ɗan fari ne. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai “kai wannan” ko “yaron nan”. Na san alkunya ce, na saba. Amma na ɗauka buhun hatsi zai sassauta dokar.

Ranar da aka gama yaɓen muka je gida tare da abokina. Ta fito ta dubi ɗakin, ko inda nake ba ta kalla ba, ta juya gare shi.

“Kai dai Allah shi ma albarka. Ka rufe ma uwarka ɗaki tun ba a yi ruwa ba. Haka ake son ɗa.”

“Amin, Inna, amin,” ya ce, yana washe baki. Ta dama masa fura a babbar ƙwarya.

Uwarsa tana can Tarka cikin ɗakin kara, ko tsinke bai kai mata ba. Na ce a raina ƙila kuskure ne. Amma abin ya ci gaba. Na sayo tunkiya don turka, washegari na ji mahaifiyata tana faɗa wa maƙwabciyarmu cewa abokin yaron nan akwai hankali, ya saya wa uwarsa tunkiya. Na fita tun asuba zuwa kasuwar Gangara, ta ce abokina ba ya wasa da sammako. Mutumin da sai na buga ƙofarsa sau uku yake motsi! Shi kuma bai taɓa musawa ba. Kullum amin, kullum ƙwaryar fura.

Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na soma ganin laifinsa ko a yadda yake riƙe guduma. Wata ranar Laraba na ce masa mu raba kayan aiki, kowa ya kama gabansa. Ya tambayi abin da ya yi mini, na ce ya fi ni sani. Idanunsa suka yi ja, ya ce to, mu bari sai bayan Juma'a.

Da yamma na biya wajen kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, na zazzage mata komai. Ta saurare ni tana tsinkar yakuwa, sannan ta kama dariya har da tari.

“Wannan miji nawa, inji kaɗai ka iya buɗewa, kanka a rufe yake. Abokin naka ya yi wa uwarsa ɗaki?”

“Bai yi ba.”

“Ya sayi tunkiya?”

“Ko kaza bai saya ba.”

“To ita uwar taka mahaukaciya ce? Ɗakin da ake magana ba a cikinsa take kwana ba? So kake ta tsaya gaban mutane ta yabi ɗan farinta, a ce ta rasa kunya? Ta samu inda za ta aje maganar, ta aje. Ni ma da nata lokacin, da yake ita ce ta farina, ɗiyar maƙwabta na yi ta sa wa albarka har aka yi wa uwar taka aure.”

Na rasa inda zan sa kaina. Daɗi da kunya suka haɗu mini wuri guda. Daga nan rumfa na nufa, na tarar da abokina yana ware sufanu gida biyu tun Juma'a ba ta zo ba. Na ba shi haƙuri, na faɗa masa abin da kakata ta ce. Ya dube ni ya ce ai shi tun ranar farko ya gane, ya ɗauka ni ma na gane. Na ce to me ya sa yake amsa amin da ƙarfi haka? Ya ce albarkar tawa ce, amma furar tasa ce.

Da na koma gida na samu mahaifiyata tana tankaɗe. Na durƙusa daga gefe.

“Inna, abokina ya ce a gaishe ki. Ya ce ya ji duk addu'o'in, ya gode.”

Hannunta ya tsaya kan rariya. Ba ta ɗago ba.

“Ina amsawa. Ka ce mashi na ji daɗinshi ƙwarai. Ka kuma ce ya riƙa tsayawa yana cin abinci, duk ya rame.”

Abokina da ko ƙofar zaurenmu sai ya karkata yake shiga. Na ce zan faɗa masa, na tashi da sauri kafin ta ga idona.

Yanzu idan na ji ana gardama ko matashin da ya tsaya da ƙafarsa ya cancanci yabo, wasu na cewa ai kansa ya yi wa, nakan ce ya cancanta, kuma yana buƙata fiye da yadda yake nunawa. Ni shaida ne, saura kaɗan na rasa aboki saboda kalma ɗaya. Sai dai na koyi cewa a gidajenmu yabo ba kullum yake zuwa da sunan mai shi ba.

Rumfar tana nan, ta zama shago, muna tare. Mahaifiyata ta tsufa, har yau ba ta kira sunana ba. Bara da na kai ta Damagaram aka duba mata ido, muna dawowa ta ce in gaya wa abokina ta yafe masa duniya da lahira. Wannan saƙon ban kai masa ba, na riƙe abina.