Ƙofar da Inna Ta Fasa wa Rumbu

Ranar wata Lahadi ce, bayan an gama shigar da dawa, a shekarar da aka sallami ƙanen babana daga soja. Mun fito coci ke nan muka hango shi yana hawo dutsen unguwarmu a Dabai, da akwatin ƙarfe, da mata, da yara huɗu. Matar ta ɗoro kaya a ka, mu kuwa matanmu a kafaɗa suke ɗauka, sai muka bi ta muna ƙunshe dariya. Ban fi shekara tara ba. Na yi murna har da tsalle, ban san wurin kwanana ne ya zo ƙarewa ba.

Gidanmu ɗakunan jinka uku ne: na Baba, na Inna, da na yayyena maza biyu. Aka ba baƙi ɗakin yayyena, su kuma suka dawo na Inna, inda nake kwana da ƙannena. Sati bai cika ba kowa ya gane abin ba zai yiwu ba, don in mutum ɗaya ya juya sai duka ɗakin ya juya. Baba ya yanke cewa a rage mutum ɗaya, a kai wa Goggo, yayarsa da ke aure a Wasagu, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Mazan suna makaranta kuma suna gona, ƙananan ba su isa ba. Ni ce ba na boko, ni ce kuma na iya daka da ɗebo ruwa. Ya aika wa Goggo ta zo ta ɗauke ni bayan kasuwa biyu. Kowa ya sani, ɗiyar da aka kai riƙo can ba ta dawowa sai dai ta zo gaisuwa da goyo.

Inna ba ta yi gardama ba, ba halinta ba ne. Bayan gida akwai tsohon rumbun kakana, ƙato, zaune kan duwatsu, kaji na fakewa ƙarƙashinsa. Shekara biyu ba a zuba masa komai ba tun da bakinsa ya tsage. Shi ta roƙa a bar ta ta mayar mini ɗaki. Baba ya ƙi, ya ce rumbu ta sama ake shigarsa, duk wanda ya wuce ya ga an fasa masa ƙofa a ciki zai ce yunwa ta ci gidan nan har an fid da rai da dawa. Ina tsugune ina tsince wake na ji ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Maigida, mai wucewa kwana biyu zai yi yana magana. Ni kuwa kullum zan kwashe tuwonta in mayar tukunya." Daga baya ya ce ta yi, amma kada ta sa ran hannun namiji, kuma in Goggo ta iso ba a gama ba, magana ta ƙare.

Ni da ita muka yi aikin, sai matar soja da ta shigo mana a kwana na uku, ta ce ita ta jawo, ba za ta zauna tana kallo ba. Mijinta ya leƙo ya ce a fasa ƙofa babba irin ta bariki. Inna ta ce masa ya koma inuwa, rumbu in aka yi masa baki babba zama yake yi. Ta zana ƙarama da gawayi, ta yamma, don ruwanmu ta gabas yake bugowa, ta riƙa jiƙa wurin tana sassaƙa da ɗan gatari kaɗan kaɗan. Muka rushe bangayen ciki da suka raba dawa da gero, muka kwaɓa ƙasarsu muka toshe tsagar. Muka turara hayaƙi kwana biyu don ƙwari. Na yi sawu ban san iyaka ba zuwa rafi, kafaɗata ta saɓule, sa'o'ina suna carafke suna kirana ina wucewa. Sannan muka zuba birji muka yi daɓe, muka shafe shi da ruwan makuba, jiƙon ɓawon ɗorawa, har ya yi ja yana ƙyalli. Ni na daɓe tsakiyar, kuma har aka rushe rumbun nan daɓen bai fashe ba.

Saura abin rufe ƙofa, wanda saƙar maza ce. Da safen da Goggo za ta zo muka tarar da sabon asabari rataye, da faffaɗan dutse an ajiye na takawa. Baba yana can yana wasa gatari, bai dube mu ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Goggo ta iso da rana, ta riƙo mini sabon zane. Inna ta kai ta bayan gida. Ta sunkuya ta sa kai, ta daɗe a haka, ta fito ta ce, "Ɗakin nan ƙamshin dawa yake." Ta kwana biyu, ta bar mini zanen, ta koma ita kaɗai. Lokacin murna kawai na sani. Sai da na girma na fara tuna bayanta tana gangara dutsen.

Shekara bakwai na yi a rumbun nan, daga ni sai ƙanwata, kaji na motsi ƙarƙashinmu.

Yanzu ina gidan ɗana a cikin Zuru, gidan bulo da kwano. Dangi sun taso daga garin Kanya sun cika mu, bana kuma na ji yana cewa ba wuri, siminti ba ya taɓuwa don tsada, sai dai a tura jikata wajen ƙanwarsa a birni. Na kama hannunsa na kai shi sito, inda mataccen janareto da karyayyun kujeru suke kwana su kaɗai. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ai wannan ba ɗaki ba ne." Na ce rumbu ma ba ɗaki ba ne. An kwashe, an fasa taga, yarinyar tana ciki. Na sunkuya na sa kai kamar yadda Goggo ta yi, fetur na shaƙa. Da Inna na nan, da ta ce a turara hayaƙi.