Ma'ajinmu ya rasu, amma har yanzu yana sa hannu

Ina ɗaga hannu a taronmu na jiya bayan la'asar, sai kowa ya zuba mini ido.

Mu mazauna bayan dutsen Mpape mun daɗe muna karo-karo don hukuma ta amince da unguwarmu a matsayin gari, mu huta da fargabar rusau. Na ce, "Ciyaman, ina aka kwana a kan kuɗin nan?"

Ya juya ya kalli kujerar da ke gefensa, wadda babu kowa a kanta. Ya ce, "Ma'aji ne zai yi bayani."

Ma'ajinmu Malam Sale ya rasu tun da damina. Da ni aka ɗauki makararsa. Har yau ba a naɗa wani ba, wai girmamawa ce, kuma duk taro sai an ajiye masa kujera.

Madam Rifkatu mai shago ta matso ta raɗa mini, "Oga, bar maganar nan. Banki ba ya sakin kuɗin sai da sa hannun Malam Sale. Kuma makon jiya an cire."

Na waiwaya, kowa ya sunkuyar da kai.

Jama'a, ku faɗa mini, wa zan ji tsoro: mamacin, ko mai riƙe masa biro?