Farin tabo a hoton ƙirjin ɗiyata

Shekarun baya, ɗiyata tana da wata goma sha ɗaya, tari ya kama ta ya ƙi saki. Muka shiga kwalekwale daga ƙauyenmu na wajen Shanga zuwa asibiti a Yelwa, ni da ƙanwar mijina da ta zo hutu daga jami'a. Karatun taurari take yi, abin da har yau nake mamakin ana zama a koya.

Kafin mu fito, surukata ta ɗinke 'yar dalmar taru cikin fata ta yi laya, ta rataya wa yarinyar a wuya. Ta ce, "Ko wanka za ki yi mata, kada ki cire."

Da mai ɗaukar hoton ƙirji ya ce a cire duk wani ƙarfe, sai na tura layar bayanta, ƙarƙashin riga. A ganina na yi dabara.

Hoto ya fito da farin tabo kamar ƙwayar gujiya, dab da zuciya. Likita bai iso ba. Na zauna a benci, har na fara tunanin inda za a haƙa ɗan kabarinta.

Ƙanwar mijina ta ɗaga hoton sama, ta daɗe tana kallo. Sai ta ciro waya ta nuna mini wani abu mai kama da garwashin wuta da aka watsa a sararin sama, gefe guda jawur, gefe guda dishi-dishi.

"Yaya, wanga tauraro ne da ya fashe tun da daɗewa. Irin hasken da aka haska ma ɗiyarki shi yake fitarwa. Inda ɓaraguzansa suka ci karo da gajimaren gas mai kauri, nan ya fi haske. Wani gajimaren kuma tsakaninmu da shi yake, yana shanye hasken kafin ya iso."

Na ce, "Ke, ɗiyata na mutuwa kina min tatsuniya?"

"Malaminmu ya hana mu yanke wa tauraro hukunci sai mun san abin da ke kewaye da shi. Mi ke jikinta?"

Ta zura hannu cikin rigar yarinyar, ta zaro layar, ta fashe da dariya har mutane suka waiwayo.

Aka sake hoto. Babu tabo. Likita ya ce sanyi ne ya sauka a ƙirjinta, ya rubuta magani.

A hanyar komawa, da la'asar, ruwa ya kwanta lumui, yarinyar tana barci a cinyata. Na yi ta kallon sama. Ba tauraro ko ɗaya, amma yanzu na san akwai wani can da ya mutu tuntuni, yana ta haska duk abin da ya taɓa.

Har yau ni mai tsoro ce, ban warke ba. Sai dai in jikin ɗiyata ya yi zafi, kafin in ƙwala ihu nakan tsaya in duba: wannan daga cikinta yake, ko ni ce na tsaya a gaban hasken?